Ma'aikatan Lafiya, Ku Ne Ƙofar Farko ta Ceton Mai Shaye-shaye

Ya ku likitoci da nas-nas da ungozomomi. Ya ku malaman asibitin ƙauye, da masu haɗa magunguna, da masu gwajin jini, da masu kemis da ke riƙe amanar sana'arsu. Ku ne ke kwana a tsaye lokacin da gari ya yi barci. Ku ne ke karɓar haihuwa da fitilar waya idan an ɗauke wuta. Ku ne kuka bi gida-gida, rana da ruwa, kuna ɗiga maganin foliyo, har aka tabbatar a shekarar 2020 cewa ƙwayar cutar shan inna ta daji ta ƙare a Najeriya da Afirka baki ɗaya. Mutanen da suka yi wannan, babu mai bakin cewa wani aiki ya fi ƙarfinsu. Shi ya sa na zo muku da wani aikin, wanda kullum yake zuwa ƙofarku, ya yanki kati, ya karɓi maganin ciwon kai ko na ulsa, ya koma gida ba a gano shi ba. Ina nufin shaye-shaye, na giya da na ƙwaya da na sauran kayan maye.

Mu fara da girman abin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, ban da giya da sigari. Wannan kashi 14.4 ne cikin ɗari, alhali matsakaicin duniya a lokacin kashi 5.6 ne. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6, masu shan magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol ba bisa ƙa'ida ba miliyan 4.6, masu shan maganin tari don maye miliyan 2.4. A Arewa maso Yamma an ƙiyasta kimanin mutum miliyan uku, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu a jihar Kano. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Cikin kowane biyar, ɗaya abin ya riga ya zame masa ciwo. Akwai kuma wani adadi da ya kamata ya tsaya wa kowane ma'aikacin lafiya a rai: kusan huɗu cikin goma na waɗanda suka fi nisa a haɗari sun ce da bakinsu suna buƙatar magani, akasarinsu kuma suka ce samunsa yana da wuya. Ga mutane nan suna neman ƙofa, ba su san wadda za su ƙwanƙwasa ba.

Hukuma ta yi nata ƙoƙarin. Da BBC ta fitar da rahoton bincikenta kan kodin a ƙarshen Afrilun 2018, nan take gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa tun 1989, tana kama kaya a tashoshin jiragen ruwa da kan iyakoki. Amma jami'in da ya kama kwantenar tiramadol a Legas ba shi ne zai zauna da yaron da jikinsa ya riga ya saba ba, yana zufa yana hamma yana murɗawar ciki saboda ƙwaya ta yanke masa. Kamu yana rage kaya a kasuwa. Warkar da mutum kuwa aikin asibiti ne, aikinku ne.

Wani zai ce ai wannan fagen likitocin ƙwaƙwalwa ne. To, su nawa ne? Ba su kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Asibitocin Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri suna iyakar ƙoƙarinsu, amma ko an ninka gadajensu sau goma ba za su ɗauki mutum miliyan uku ba. A ɗaya ɓangaren, ƙananan asibitocin matakin farko sun kai kimanin 30,000, a unguwanni da ƙauyuka. Mai shaye-shaye ba ya fara zuwa Dawanau. Yana fara zuwa wurinku ne, shekaru kafin abin ya kai ga ɗauri da igiya, a lokacin da magana ta minti goma za ta iya juya masa akala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Matsalar ita ce ba ya zuwa da sunansa. Babu wanda zai zauna a gabanku ya ce ya zo ne saboda ƙwaya. Za a kawo muku lebura ko ɗan acaɓa yana jijjiga, dangi suna rantsuwa bai taɓa farfaɗiya ba. Ku tuna da tiramadol: NAFDAC ta amince da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai, amma a kasuwar bayan fage ana sayar da mai 200 da 225 da 250, kuma yawansa yana jawo jijjiga. Za ku ga magidancin da hawan jininsa ya ƙi sauka duk da magani, ko wanda cikinsa ya kumbura idanunsa suka yi shawara, giya ce take cin hantarsa a ɓoye. Za ku ga mai tarin fuka ko mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki yana ta tsallake shan magani. Za ku ga matar aure da kullum kukanta rashin barci da faɗuwar gaba, tana neman a rubuta mata ƙwayar barci ɗaya tak da ta san sunanta. Za ku ga mai sikila da cinyoyinsa suka yi tauri da gyambo saboda allurar fenta da yake yi wa kansa. Za ku ga saurayi da shuɗin harshe saboda ƙwayar roci, ko yaro mai warin sholisho a rigarsa. Ruwa ba ya tsami banza. Idon da aka horar yana ganin waɗannan alamu, wanda ba a horar ba kuwa sai ya rubuta maganin maleriya ya kira na gaba.

Bayan gani sai tambaya, kuma a nan ne yawancinmu ƙafa ke sanyi. Muna jin nauyin tambayar dattijo ko yana shan giya, muna jin kunyar tambayar matar aure ko tana shan kodin. Wannan kunyar tana kashe mutane. Tambaya tana da ladabinta, kuma ana koyonsa kamar yadda kuka koyi neman jijiya a hannun jariri. Da farko a keɓe majinyaci, a roƙi 'yan rakiya su ɗan jira a waje. Sannan a nuna masa cewa ba shi kaɗai ake tambaya ba. Ga dattijo sai a ce: "Baba, ka yi haƙuri, kowa muna yi masa wannan tambayar, don akwai abubuwan da ba sa shiri da maganin da za mu ba ka. Akwai abin da kake ɗan sha don gajiya ko don barci?" Ga matashi: "Ƙanena, abin da ka faɗa a ɗakin nan, a nan zai tsaya. Me kake sha idan za ka fita aiki, kuma guda nawa a rana?" Ga mace: "Hajiya, idan damuwa ta yi miki yawa, da me kike samun sauƙi?" Wanda aka tambaya da mutunci, sau da yawa sai ya sauke ajiyar zuciya, domin ya daɗe yana ɗauke da kayan shi kaɗai.

Ba sai kun ƙirƙiro tambayoyin da kanku ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara AUDIT, tambayoyi 10 kan shan giya, wanda ya sami maki 8 ko fiye yana cikin haɗari, kuma idan layi ya yi tsawo tambayoyi uku na farko ma suna aiki. Ta kuma tsara ASSIST, tambayoyi 8 da suka haɗa taba da giya da wiwi da ƙwayoyi da abubuwan shaƙa, ana gamawa cikin minti biyar zuwa goma, a raba mutane gida uku: mai ƙaramin haɗari, da matsakaici, da babba. Tun 2008 hukumar ta ƙaddamar da shirin mhGAP, a 2010 ta fitar da littafin jagoransa, musamman domin ma'aikatan da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba ne. A Najeriya ma an gwada shi: Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci a jihar Osun da wannan jagora. Tun kafin nan, a 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da masu taɓin hankali a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, suna zaune cikin jama'a tare da danginsu, duniya ta zo tana koyo a wurinsa. Kula da irin waɗannan majinyata kusa da gida abu ne da ƙasar nan ta taɓa koya wa wasu.

Idan amsa ta nuna haɗarin matsakaici ne, maganin farko yana bakinku: gajeriyar tattaunawa ta minti 5 zuwa 15. Ku gaya masa abin da kuka gani a jikinsa ƙarara, ku haɗa shi da abin da ya kawo shi: "Malam, wannan jijjigar da ta kayar da kai a kan babur, ƙwayar nan ce ta jawo ta." Sannan ku yi shiru ku saurara. Ku tambaye shi abin da yake samu a cikin shan, da abin da shan ya raba shi da shi. Ku bar shi ya lissafa da bakinsa: kuɗin cefane, amincewar mahaifiya, sallar asuba, auren da aka fasa. Dalilin da mutum ya furta da kansa ya fi kama zuciyarsa fiye da wa'azin awa guda. Daga nan ku ba shi shawara a fili cewa ya kamata ya daina ko ya rage, ku shimfiɗa masa hanyoyi ya zaɓa, ku nuna masa kun yarda zai iya, ku sa masa ranar dawowa. Bincike da dama a ƙasashe daban-daban sun nuna irin wannan gajeriyar magana tana rage shan giya ga waɗanda abin bai yi musu katutu ba. Wanda kuwa ya yi nisa, ku tura shi gaba da takarda a hannu da sunan wurin da zai je, ku kuma bi sawu ku ji ko ya isa.

Akwai ilimin da jahiltarsa ke kai mutum kabari a dare ɗaya, kuma wajibi ne kowane mai aikin dare ya riƙe shi. Wanda aka kawo a sume, numfashinsa ya yi ƙasa sosai, ƙwayar idonsa ta tsuke, ku yi zargin kodin ko tiramadol ko hodar da ake allura da ita. Ku buɗe masa hanyar numfashi, ku taimaka masa ya shaƙi iska, ku ba shi allurar naloxone, ku ci gaba da sa ido domin ƙarfinta na iya ƙarewa kafin na abin da ya sha. Ku matsa wa shugabanninku a ajiye wannan allura a kowane ɗakin gaggawa. Wanda aka kawo a buge, kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake: a kwantar da shi a gefe ɗaya, a auna sukarin jininsa, a duba ko ya bugu a ka. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, idan aka kwantar da shi don wani ciwon ya rasa ta, cikin awa 6 zuwa 24 zai fara karkarwa da zufa, bayan kwana biyu zuwa uku yana iya rikicewa da gane-gane da jijjiga, kuma wannan yana kisa idan ba a tare shi da magani da sinadarin thiamine ba. Haka mai shan ƙwayar barci irin su diazepam na tsawon lokaci, ba a yanke masa rana ɗaya, a hankali ake ragewa. Kada kuma a manta da gurɓatacciyar barasa: a 2015 ogogoro mai ɗauke da gubar methanol ta kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas, kuma daga cikin alamominta na farko har da dishi-dishin gani.

Ungozomomi da masu aikin ɗakin awo, ku ne kuka fi kowa dama. Macen da ke shaye-shaye tana ɓuya fiye da namiji, domin idan asirinta ya tonu aurenta ne da 'ya'yanta da sunan gidansu. Ba za ta je cibiyar gyaran hali ba, amma za ta zo awon ciki, za ta kawo yaro rigakafi. Giya tana illata ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki, kodin da tiramadol kuma suna sa a haifi jariri yana kuka mai tsanani da karkarwa saboda jikinsa ya saba tun a ciki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ku tambaye ta cikin sirri, ku rufa mata asiri, ku zama wadda za ta iya dawowa wurinta.

Na san abin da ke zuciyar wasu: ai shi ya jawo wa kansa, kuma saɓon Allah ne. Haramcin maye a fili yake, babu mai jayayya a kai. Amma mu tuna cewa a Musulunci haramcin giya mataki-mataki ya sauka, cikin hikimar Wanda ya san halin bayinsa. Ya kuma zo a ingantaccen hadisi cewa an sha kawo wani mutum gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, da wani ya tsine masa sai Annabi ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. 'Yan'uwanmu Kirista ma addininsu ya hore su da neman wanda ya ɓata a dawo da shi. Ɗakin duba majinyaci ba kotu ba ne. Idan muka kore shi da harara da baƙar magana, mun san inda iyayensa za su kai shi. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, bayan nan aka gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba, rashin wata ƙofar ce. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa irin waɗannan majinyata haƙƙin kulawa cikin mutunci. Amma doka a takarda take zama sai ta sami ma'aikacin da zai aikata ta.

Mu kuma duba cikin gidanmu. Duk takardar da aka rubuta fenta ko ƙwayar barci ba tare da an sa ranar dainawa ba, tana iya zama mafarin ciwon wani. Duk mai kemis da ya miƙa tiramadol ba takardar likita don ribar naira kaɗan, ya san abin da ya sayar. Kuma a cikin ma'aikatan lafiya akwai waɗanda gajiyar aiki da kusanci da makullin ɗakin magani suka jefa su cikin wannan hali. Idan kun ga abokin aiki ya fara canzawa, lissafin allurai yana ɓata a lokacin aikinsa, rufa-rufa ba zumunci ba ce. Ku ja shi gefe, ku raka shi inda za a taimake shi kafin ya cutar da kansa ko majinyaci.

Duk wannan sai da horo, kuma horon ba zai zo ya same ku a zaune ba. Ku neme shi. Littafin mhGAP da takardun AUDIT da ASSIST suna nan kyauta a intanet, wayar da ke aljihunku ta isa ta sauke su. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya horar da ma'aikata a ƙasar nan ƙarƙashin shirin TREATNET, ku nemi waɗanda suka halarta a jiharku su koyar da ku. Idan za ku zaɓi kwas don sabunta lasisi, ku zaɓi wannan fanni. Wanda ya je bita ya dawo, kada ya kulle takardun a durowa: ya tara abokan aiki bayan an tashi, wannan ya zama majinyaci wancan ya zama mai tambaya, a yi ta maimaitawa da Hausa har harshe ya saba. Shugabannin makarantun nas da ungozoma, da kwalejojin fasahar lafiya, da tsangayoyin koyon likitanci, ku ba wannan darasi awanni na gaske da gwaji a gaban majinyaci, kada ɗalibi ya fita bai taɓa yi wa mutum tambayar shaye-shaye ba. Kwamishinonin lafiya da shugabannin hukumomin lafiya a matakin farko, ku ware kuɗin horo, ku sa layin wannan tambaya a jikin katin asibiti, ku haɗa kowane ƙaramin asibiti da likitan ƙwaƙwalwar da za a iya kira a waya. Ku jawo limamai da fastoci da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin direbobi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Za ku gamu da abin karya gwiwa. Wanda kuka yi wata uku kuna lallaɓawa zai koma ruwa, ya dawo yana sunkuyar da kai. Kada ku ce aikinku ya tashi a banza. Bincike ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye sukan koma a wani lokaci, kuma haka masu hawan jini da asma suke fama da dawowar ciwonsu, ba wanda ya taɓa korar mai hawan jini don awonsa ya sake hawa. A sake zama, a duba abin da ya kayar da shi, a gyara shiri. Dawowarsa wurinku shaida ce cewa ya amince da ku, kuma da yawa daga waɗanda suka rabu da shaye-shaye har abada sai da suka faɗi suka tashi fiye da sau ɗaya.

Na san albashi ba ya isa, ma'aikata sun yi ƙaranci, layi kuma ba ya ƙarewa. Duk da haka abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabon gini ko na'ura daga waje. Yana buƙatar ido mai lura, da tambaya cikin ladabi, da minti goma. Duk mutum ɗaya da kuka ceto, kun mayar wa uwa ɗanta, kun mayar wa yara ubansu ko uwarsu, kun rage wa unguwa fargaba. Don haka gobe idan kun shiga aiki, ku ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda kuka saba yi. Cikin makon nan ku karanta jagora ɗaya, cikin watan nan ku koya wa abokin aiki ɗaya, ku kuma rubuta wa shugabanku kuna neman horo. Allah ya ƙarfafe ku, ya sa albarka a hannuwanku, ya saka muku da mafificin alheri. Ku tashi, jama'a na jiran ku.